Wace na'urar auna yanayi zan saya don harbin nesa?

Wani ɗan'uwa mazaunin Houston a jihar Texas ta Amurka ya aiko da tambaya. Ya ce ya shiga ƙungiyar masu wasan harbin nesa, yana da bindiga mai cin harsashin 6.5 Creedmoor, ya saba da yadi 600, yanzu kuma yana son ya kai yadi 1,000 har ya fara shiga gasa. Ya ga kowa a filin da 'yar na'ura a hannu mai farfela a ka, ana haɗa ta da waya ba tare da igiya ba. Ya ware kimanin dala 800, yana so a faɗa masa wadda zai saya, kuma ko mai tsadar ta cancanci kuɗinta.

Malam, sannu da ƙoƙari. Kafin mu shiga sunayen kaya, ka fara sanin cewa aiki biyu wannan na'ura take yi, kuma ƙwarewarta a cikinsu ba ɗaya ba ce. Na farko shi ne auna kaurin iskar da harsashi zai ratsa. A nan ba ta da na biyu, kuma mai arha da mai tsada kusan amsa ɗaya za su ba ka. Na biyu shi ne auna ƙarfin kaɗawar iska. A nan kuwa abin da za ta iya faɗa maka bai wuce na inda kake tsaye ba. Yawancin masu sayenta don aiki na biyu suke saya, daga baya su gane cewa na farkon ne ta fi yi musu.

Mu fara da kauri. Harsashinka mai nauyin giren 140, wato kamar giram tara, yana fita daga bakin bindiga da gudun da ya kai wajen ƙafa 2,700 a daƙiƙa, kuma sai ya yi kamar daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya isa yadi 1,000. Duk tsawon wannan tafiya iska tana rage masa gudu. Idan iskar mai kauri ce, ya fi saurin gajiya, ya daɗe a hanya, ya faɗi ƙasa da inda ka yi saiti. Idan sakayau take, ya isa da sauran ƙarfinsa, ya bugi sama. Abu uku ke sa kauri ya canza: matsin iska, zafi, da laima. Maharba sun haɗe ukun a lamba ɗaya da suke kira DA, wato tsayin da iskar wurin take kama da tasa idan aka gwada ta da ma'aunin da duniya ta amince da shi, na digiri 15 da matsin miliba 1013.25 a bakin teku. Kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru yana ɗaga DA da kusan ƙafa 120. Ka ɗauki garinku. Houston kusan tsayi ɗaya take da bakin teku, amma da tsakar ranar watan Agusta, zafi ya kai digiri 35, iskarta kamar ta wuri mai tsayin ƙafa 2,500 take. Da sanyin safiyar Janairu kuwa, a digiri 5, lambar takan sauka ƙasa da sifili. A yadi 600 wannan bambanci bai wuce 'yan inci ba, shi ya sa ba ka taɓa damuwa da shi ba. A yadi 1,000 ya kusa rabin miliradiyan, wajen inci 18, kuma wannan ya isa ka kuskure farantin ƙarfen da ake harbi gaba ɗaya. Ranar da ka je gasa a Whittington Center da ke Raton a jihar New Mexico, inda filin kansa yake sama da ƙafa 6,000 daga bakin teku, idan ka tafi da lissafin Houston harsashinka zai wuce ta saman faranti da ƙafa biyu ko fiye.

Laima ita ce ƙaramar cikinsu, kuma mutane da yawa sun ɗauke ta a baibai. Iska mai laima ta fi busasshiya rashin nauyi, domin tururin ruwa bai kai iskar da ya maye gurbinta nauyi ba, 18 ne a kan 29 idan aka auna ƙwayoyinsu. To amma tasirin ƙanƙani ne. Wanda ba shi da ma'aunin laima ya rubuta kashi 50 ya wuce, ba abin da zai rasa. Kada wani mai shago ya sayar maka da na'ura saboda ta fi wata iya auna laima.

Matsin iska shi ne inda ake yawan faɗawa rami. Lambar da kake gani a rahoton yanayi na talabijin ko a wayarka ba matsin wurin ba ne na gaskiya, an gyara ta ne kamar a ce garin a bakin teku yake, don a iya gwada gari da gari. A Denver rahoto zai ce maka wajen miliba 1013, alhali matsin da harsashi zai tarar bai wuce 835 ba ko kusa da haka. Manhajar lissafin tafiyar harsashi tana son na gaskiyar, wanda aka auna a wurin. Idan ka ba ta shi, kada ka sake ba ta tsayin wurin, don za ta cire sau biyu. Babbar fa'idar haɗa na'ura da manhaja kai tsaye ke nan, lambar da ta dace ce ke shiga, ba sai ka rubuta da hannu ba balle ka rikita.

Yanzu ga kaɗawar iska. Idan iska mai gudun mil 10 a awa tana bugowa daga gefe, za ta kauce da harsashinka wajen inci 20 a yadi 600, amma a yadi 1,000 ya haura inci 60. Ka ga kowane mil ɗaya a awa ya zama inci shida ko bakwai ke nan. Faranti mai faɗin inci 20 kuwa inci 10 kawai gare ka daga tsakiya zuwa baki. Kuskuren mil biyu a awa ya isa ka ji shiru maimakon ƙarar ƙarfe. Ita kuma na'urar, komai tsadarta, iskar da ta juya farfelarta kawai ta sani. Ba ta san ta cikin kwarin da ke yadi 500 ba, ba ta san wadda ke bi ta tsakanin bishiyoyi kusa da faranti ba, ba ta kuma san cewa harsashi a tsakiyar tafiyarsa yana tashi sama da layin idonka da ƙafa takwas zuwa goma ba, inda iska ta fi ta ƙasa ƙarfi. Kamar mai auna zurfin kogi ne daga bakin gaɓa: abin da ya samu gaskiya ne, amma ba shi ne labarin tsakiya ba. Amfaninta a nan shi ne ta ba ka mafari, kuma ta horar da idonka. Ka dubi ciyawa da ganye da ƙura, ka yi hasashenka, sannan ka ɗaga na'ura ka ga ko ka dace. Ka kuma koyi karanta kawalwalniya ta cikin madubin hangen nesa, yadda take tafasa a tsaye idan babu iska, take karkata idan ta fara, take kwanciya idan ta yi ƙarfi. Babu na'urar hannu da za ta yi maka wannan.

To, mu zo kasuwa. Sunan da za ka fi ji shi ne Kestrel, na kamfanin Nielsen-Kellerman da ke Boothwyn a jihar Pennsylvania. Kamfanin da kayan masu tseren kwalekwale ya fara a 1978, ba da na maharba ba, kuma ina ganin daga nan ya gaji yin kaya masu jure ruwa. Na'urorinsa ba sa shan ruwa, suna yawo a kansa idan sun faɗa, suna jure faɗuwa, da garantin shekara biyar, farfelar kuma kai da kanka za ka iya cire ta ka sa sabuwa idan ta lalace. Wanda ya dace da maganarmu shi ne jerin 5700, masu allo da lissafin tafiyar harsashi a cikinsu, da Bluetooth da kamfanin ya sa wa suna LiNK. Akwai 5700 na talaka, wajen dala 400 da wani abu, mai lissafin kamfanin Applied Ballistics amma an rage masa wasu abubuwa, kuma bindigogi kaɗan yake iya riƙewa. Akwai 5700 Elite, wajen dala 700 ko sama, mai riƙe bindiga 30 da cikakken lissafi. Akwai 5700X Elite da ya fi sauri, an yi shi don masu harbin da ya wuce mil guda. Sai kuma wani 5700 mai ɗauke da lissafin 4DOF na kamfanin Hornady, wanda shi ne ya fito da harsashin 6.5 Creedmoor ɗinka a 2007. Ƙasa da waɗannan akwai 2700, wanda aka ƙayyade lissafinsa a yadi 875, don haka ka cire shi daga lissafinka tunda 1,000 kake nema.

A ɗaya ɓangaren akwai masu arha da ba su da allo, wayarka ce allonsu kuma ita ce ƙwaƙwalwarsu. Fitacciya a cikinsu ita ce WEATHERmeter ta kamfanin WeatherFlow, wajen dala 100 take, tana auna kaɗawa da zafi da matsi da laima ta tura wa manhaja irin ta GeoBallistics. Akwai Kestrel DROP D3, 'yar ƙarama da ake ratayawa a jaka, tana ba da zafi da laima da matsi da DA amma ba ta auna kaɗawa. Akwai kuma na kamfanin Calypso na Sifaniya, da ba su da farfela ko kaɗan, da sauti suke auna gudun iska da inda ta fito. Waɗannan sun fi dacewa da wanda zai kafa a kan mariƙi mai ƙafa uku ya bari.

Mene ne bambancin mai dala 100 da mai dala 700, tunda na ce kaurin iska ɗaya za su ba ka? Abu na farko shi ne dogaro da waya. A watan Yuli a Texas, ka ajiye waya a kan tabarmar harbi minti kaɗan, sai ta yi zafi ta dushe allonta ko ta kashe kanta. Hasken rana na hana ka ganin rubutu, gumi na hana allon jin yatsanka, Bluetooth na shan batir, ga kira yana shigowa kana tsakiyar lissafi. A ranar atisaye wannan ba komai ba ne. A gasar harbin nesa ta PRS, wadda aka fara a 2012, inda akan ba ka daƙiƙa 90 zuwa minti biyu ka harbi farantai da dama a tazara daban-daban, kuma ka wuni a rana kana bin matakai, na'ura mai maɓallan roba da allon da ake gani a rana da batir AA guda ɗaya ta fi waya nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ne irin lissafin. Tsohuwar hanya ita ce a gwada harsashinka da wani harsashin misali a ba shi lambar BC, mai nuna yadda yake iya ratsa iska. Misalin G1 na harsashi ne mai gajeren hanci da shafaffen gindi, G7 kuma na mai dogon hanci da tsukakken gindi, irin naka. Saboda haka da G7 za ka yi aiki. Sabuwar hanya ita ce a harba ainihin harsashin a bi shi da na'urar rada a ga yadda gudunsa ke raguwa tun daga fita har faɗuwa. Wannan shi ne abin da kamfanin Applied Ballistics na Bryan Litz yake sayarwa a cikin Elite, shi ne kuma tushen 4DOF na Hornady da ya fito a 2016. Fifikonta yana bayyana ne idan harsashi ya gaji ya kusa gudun sauti, wajen ƙafa 1,340 a daƙiƙa zuwa ƙasa, inda halinsa yake sauyawa. Naka a yadi 1,000 yana dab da wannan yanki ne ko bai ma shiga ba. Ma'ana, G7 mai kyau ta ishe ka. Mai harsashin .308 ya fi ka buƙatar Elite a wannan tazara, haka ma mai 'yar .22 da ke harbin yadi 300, haka mai neman yadi 1,500.

Abu na uku shi ne wanda na fi so ka tsaya a kansa, domin shi ne ainihin ma'anar rashin igiyar. Bluetooth ba ya nufin kowace na'ura tana magana da kowace. Gida-gida ne. Kestrel mai Applied Ballistics yana jin maganar wasu ma'aunan tazara na leza, irin su Vortex Fury HD 5000 AB, da Leica Rangemaster CRF 2800.COM, da Terrapin X na Vectronix. Ka danna leza a kan faranti, tazarar ta shiga Kestrel, amsar ta fito nan take. Idan ma'aunin tazararka na wani gida ne, ko manhajar da ka saba da ita ba ta karɓar bayanan na'urar, ka sayi abin da ba zai haɗu da komai ba. Don haka ka ɗauko ma'aunin tazarar da kake da shi, ko wanda kake shirin saya, ka duba jerin abokan hulɗarsa a wurin kamfanin, daga nan ka zaɓi na'urar yanayi. Ka kuma sani cewa a kan 5700 zaɓa ake yi, ko a haɗa shi da waya ko a haɗa shi da wata na'ura, kuma mutane da yawa sun mayar da lafiyayyen kaya shago saboda ba su canza wannan saitin ba. Nisan da haɗin ke kaiwa wajen ƙafa 100 ne idan babu abin da ya tare. Ya isa ka ɗora na'urar a kan mariƙi da wutsiyar da ke juya ta tana fuskantar iska, kai kuma kana kwance kana ganin lambobin a waya. Bai isa ka kafa ta a tsakiyar fili don ta faɗa maka iskar can ba.

Ga wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. A cikin duk lambobin da za ka ba wa manhaja, wadda ta fi kowace nauyi ba daga na'urar yanayi take fitowa ba. Gudun harsashi ne a bakin bindigarka. Lambar da ke jikin kwalin harsashi yawanci da bututun bindiga mai inci 24 aka auna ta, a wata rana, a wani wuri. Idan naka ya fi guntu, kowane inci yana cin ƙafa 20 ko 25 a daƙiƙa. Kuskuren ƙafa 50 a daƙiƙa ya fi ƙafa ɗaya a yadi 1,000. Shi ma albarushi zafi yana taɓa shi, harsashin da ya sha rana ya fi wanda ya kwana a sanyi gudu, shi ya sa manhajojin suke da wurin rubuta gudu a zafi daban-daban. Wanda ya sayi Elite ya rubuta masa lambar kwali ya yi asarar kuɗinsa. Na'urar auna gudu irin Garmin Xero C1 Pro, da ta fito a 2023, wajen dala 600 take, akwai kuma MagnetoSpeed da LabRadar. A kusan kowace ƙungiya akwai mai ita, kuma ba a cika hana aro ba.

Saboda haka ga shawarata a kan dala 800 ɗinka. Idan za ka samu aron ma'aunin gudu duk lokacin da ka canza kwalin harsashi, ka sayi 5700 na talaka mai LiNK, sauran kuɗin ka zuba a harsashi ka je fili a ranakun da iska ke kaɗawa. Ana iya ɗaga shi zuwa Elite daga baya ta hanyar biyan kuɗin manhaja, ba sai ka sayi sabo ba. Idan harsasan Hornady kawai kake harbawa kuma ka riga ka saba da manhajarsu a waya, mai 4DOF ɗin ya yi. Idan kuwa babu inda za ka samu aro, ka juya lissafin: WeatherFlow da Garmin, su biyun suna cikin kuɗinka, kuma za su ba ka amsar da ta fi ta Elite mai lambar kwali. Shekara mai zuwa, idan gasar ta shige ka, sai ka ƙara Kestrel. Elite tun daga farko sai ga wanda ya san zai wuce yadi 1,200 ko yake da bindigogi da yawa.

Duk wadda ka saya, ga abubuwan da ke ɓata wa sababbi aiki. Ma'aunin zafin yana jin zafin jikin na'urar, don haka idan ta fito daga aljihu ko daga mota mai sanyi, ko ta kwanta a kan baƙar jaka a rana, ƙarya za ta yi maka da digiri da yawa. Ka riƙe igiyarta ka wulwula ta a iska na rabin minti, a inuwa idan da hali, ka ga lambar ta tsaya, sannan ka kulle yanayin. A kan Kestrel zaɓin nan shi ne Live da Lock. Ka sabunta idan rana ta ɗaga, don yanayin ƙarfe takwas ba shi ne na azahar ba. Kamfas ɗin cikinta yana son a sake daidaita shi duk lokacin da aka canza batir, a riƙe ta a tsaye a juya sau uku a hankali, nesa da mota da ƙarfen bindiga. Idan kamfas ya karkace, kusurwar iska ta karkace, alhali iskar da ke zuwa daga gefe sosai tasirinta ninki biyu ne na wadda ta karkata digiri 30 kawai daga gabanka. Ka rubuta mata layin da garinku yake daga tsakiyar duniya, Houston wajen digiri 30 arewa, saboda juyawar ƙasa tana kauce da harsashi inci biyu ko uku a yadi 1,000. Ka kuma rubuta murɗin cikin bututunka daidai, yawanci juyi ɗaya a inci takwas ne a 6.5 Creedmoor, domin juyawar harsashin kanta tana jan sa dama da 'yan inci. Batir kuma ka sa na litiyam. Na alkalin yakan yi yoyo ya cinye ƙarfen ciki idan na'ura ta daɗe a ajiye.

Kafin ranar gasa ka karanta dokokinta, don ba ɗaya suke ba. A PRS na'urar nan kayan aiki ce ta kowa. A gasar F-Class da sauran gasannin da ake kafa tutoci a fili, irin na Camp Perry a Ohio ko Bisley a Ingila, akwai ƙa'ida a kan abin da za a iya kaiwa layin harbi, sai ka tambayi alƙalin filin. Sannan a daren gasar ka fitar da lissafinka a DA uku, misali ƙafa 0 da 2,000 da 4,000, daga yadi 300 zuwa 1,100, da na iskar mil 5 da mil 10, ka rubuta a kati ka lulluɓe shi da salatif ka sa a hannun riga. Idan batir ya mutu ko haɗin ya yanke ana tsakiyar mataki, agogo ba zai jira ka ba, da katin za ka ƙarasa.